AN ƘIRGA TARAGU, BA A ƘIRGA NA CIKI BA

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Sharhi nake son yi a kan wani ɗan littafi da ba a taɓa kai shi maɗaba'a ba, ba kuma za ku gan shi a kasuwa ba, amma ya kunyata ni fiye da duk wata wasiƙar suka da aka taɓa aiko mini tun da na fara rubutu.

Ga yadda abin ya faru. Akwai wani labari na mutanen da da nake rubutawa, a cikinsa na ɗauki yarinya 'yar talakawa da masoyinta na sa su a jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko. Na zaunar da su a kujera mai laushi su biyu rak, iska tana kaɗawa, ana kawo musu lemo mai sanyi, shi yana zuba mata kalamai ita kuwa tana sunne kai. Babin ya yi mini daɗi ƙwarai, har na ɗauka na je ina karanta wa kakata, domin tana son a riƙa yi mata karatu da yamma. Wallahi ban kai ƙarshen shafi ba ta tuntsire da dariya har tana share ƙwalla da bakin zane.

Ta ce, "Ke kishiya, wannan jirgin naki a wace ƙasa yake tafiya? 'Yar talakawa a faskila? Da kuɗin wa? Kuma saurayi da budurwa, ba aure ba komai, su biyu a ɗaki? Tashi ki jawo mini akwatin ƙarfen mijinmu a ƙarƙashin gado, ki ga jirgi na gaskiya."

Kakana, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne a shekarun 1950, gadin jirgi ne. Kada ki ɗauka irin mai gadin ƙofar gida nake nufi. Gadin jirgi shi ne wanda yake can tarago na ƙarshe, da usur a bakinsa, da tuta kore da ja a hannunsa, da fitila idan dare ne, jirgi ba ya motsawa daga tasha sai ya ba direba alama. A wancan zamani yawancin masu irin wannan aiki mutanen Kudu ne, 'yan Arewa ƙalilan ne a ciki, don haka a unguwarsu kallon babban mutum ake yi masa. Cikin aikinsa har da rubuta yadda jirgi yake a kowace tafiya, ya miƙa wa ofis. Shi kuma yana da ɗan littafin aljihu da yake fara rubutawa a ciki da fensir kafin ya kwafe a takardar hukuma. Wannan ɗan littafi na samu a akwatin, bangonsa ya ci duniya, gefen takardun ya yi ja, rubutun da Turanci, amma ɗan abin da na samo a sakandare ya ishe ni in karanta.

To me ke ciki? Kowane shafi kusan kamanninsu ɗaya. A sama akwai rana da lambar jirgi da inda ya taso da inda za shi. Sai lambar kan jirgi da sunan direba. Daga nan sai jerin taragu, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambarsa da irinsa da nauyinsa. A ƙasa kuma sunayen tashoshi, da lokacin da aka isa da lokacin da aka tashi, idan an makara a faɗi minti nawa da dalili. Shi ke nan. Babu gaisuwa, babu ado, babu karin magana ko guda.

Da farko na ce wannan ai ba abin karantawa ba ne. Amma da na natsu sai na ga jirgin ya miƙe a gabana tun daga kai har wutsiya. A gaba akwai kan jirgi mai cin kwal, wanda ake haƙowa a Inugu, yana jan tankinsa na ruwa da kwal. Wasu kawunan jirgin ma sunayen kogunan ƙasar nan aka sa musu, irin waɗanda aka fara kawowa daga Birtaniya a 1948. Masu shan man dizal sai daga tsakiyar shekarun 1950 suka fara shigowa. Bayan kan jirgi sai taragon kaya, a babban jirgi har da na wasiƙu. Sai taragun mutane, su kuma hawa uku ne: faskila, da sikinkila, da gama-gari. A jirgin doguwar tafiya akwai taragon cin abinci, faskila kuwa ɗakuna ne da gadon kwana. Can ƙarshe sai na gadi. Jerin yakan canza daga jirgi zuwa jirgi, amma abu biyu na lura ba sa canzawa a littafin nan: taragun gama-gari su suka fi yawa, faskila kuma kullum tana maƙale da taragon abinci. Wata rana kuma sai ki ga an ƙara tarago guda na musamman, an ce na wani babba ne, shi da muƙarrabansa.

A ƙananan layuka abin ya fi haka ban tausayi. Can za ki ga taragun mutane biyu ko uku an haɗa su da na kaya a jirgi ɗaya, ga na gyaɗa, ga na auduga, ga na shanu. Ba abin mamaki ba ne idan muka tuna dalilin da ya sa aka shimfiɗa dogon tun farko. Ya iso Kano a 1911, aka kai shi Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri kuwa sai 1964. Turawa ba don kakanninmu su kai ziyara suka kashe kuɗinsu ba, don gyaɗa da auduga da fatu da kuzar Jos su isa bakin teku ne. Mutum ɗan rakiya ne. Dalar gyaɗa da ake ba mu labari a Kano ai jiran tarago take yi.

Yanzu bari in fara da yabo, domin wanda ya yi abin kirki a faɗa. Littafin nan ba ya ƙarya. Idan tarago tara ne tara zai rubuta, ba zai mayar da su goma don jirgin ya yi kwarjini ba. Idan an makara saboda an tsaya shan ruwa, ko ana jiran wani jirgi ya wuce don layin guda ɗaya ne, ko ruwan sama ya cinye ƙasan dogo, haka zai faɗa. Dole ce ta sa, domin da wannan lissafi ake sanin ko kan jirgi zai iya jan nauyin, da shi ake neman tarago idan ya ɓace, da shi ake tuhumar ma'aikaci idan an yi hatsari. Wanda rayukan mutane suke rataye a kan lissafinsa ba ya yi wa lissafi kwalliya. Kuma ba tare da ya yi niyya ba, ya bar mana hoton zamaninsa. Duk wadda take son ta san yadda aka jera mutane a ƙarshen mulkin Turawa, ta dubi yadda aka jera taragun nan. 'Yan kaɗan suna da gado da teburi da mai kawo shayi, akawu da malamin makaranta da ɗan kasuwa mai ɗan hali suna tsakiya, sauran jama'a kuwa, wato ni da ke, muna kan benci na katako. Tafiyar Ikko zuwa Kano kusan mil 700 ce, sai an kwana a hanya. Ki auna wannan a kan katako da goyo a baya.

To amma ga inda na same shi da laifi, kuma laifin babba ne. Na karanta littafin nan daga bango zuwa bango, na ga lambar kowane tarago, na ga nauyinsa, na ga sunan direba, amma ban ga fasinja ko ɗaya da sunansa ba, balle mace. An auna ƙarfe, an ƙirga minti, ba a ga mutum ba. Tikitin gama-gari ma ɗan kwali ne da sunan tasha da kuɗi, ba ya ɗauke da sunan mai shi. Dubban mata sun hau jiragen nan, amare da aka kai gidan miji a garin da ba su taɓa ji ba, masu yaji, masu zuwa biki, masu zuwa gaisuwar mutuwa, 'yan kasuwa masu goro da manja da daddawa, duk sun shiga sun fita kamar iska.

Abin da ya tabbatar mini da haka wani shafi ne da kakata ta sa na nemo. Ita ba ta karatun boko, amma ta san shafin, domin an lanƙwashe kusurwarsa. Jirgi ne daga Kaduna zuwa Kano, cikin damina. Jerin taragu kamar kullum. A wajen tashoshi, daidai Ɗangora, ya rubuta an makara, dalili kuwa kalma uku ce kacal, ma'anarta wai wata fasinja ba ta da lafiya.

Na ce, "Iya, wace ce wannan fasinja?"

Ta ce, "Ga ta a gabanki."

Ashe a lokacin suna zaune a Kaduna, tana da cikin fari, wata ya kusa, za ta gida Kano goyon ciki kamar yadda aka saba. Aka haɗa ta da wata gwaggonsa tsohuwa, suka shiga gama-gari, shi kuwa yana can taragonsa a bakin aiki. Ta ce tarago ya cika maƙil, ga ƙullin kaya, ga kwanduna, ga kaji an ɗaure musu ƙafa, wasu a kan benci wasu a ƙasa. Idan an buɗe taga hayaƙi da ɓurɓushin kwal su shigo, har wani ya ƙona mata sabon mayafi, idan an rufe kuma zafi ya hana numfashi. A tashar Zariya masu talla suka yanyame tagogi da ƙosai da dafaffen ƙwai da rake, ta ce ko kallonsu ba ta iya yi, don tun daga nan mararta ta fara ɗaurewa, amma kunya ta hana ta faɗa. Sai da aka yi nisa da Zariya abu ya ci tura, faya ta fashe.

Ta ce kafin ta ankara, wata Bayarbiya mai goro, ƙatuwar mace mai murya, ta miƙe ta kori mazan da ke gefen zuwa ɗaya ƙarshen taragon, kuma babu wanda ya yi musu. Mata suka kwance zannuwansu na sama suka kewaye ta, kowacce ta riƙe gefe, suka yi mata ɗaki a tsakiyar jirgi. Wata 'yar Ibo da take zuwa wajen mijinta a Sabon Gari ta ciro sabuwar reza daga jakarta. Wata Bafillatana ta ba da ruwan butarta. Ba mai jin yaren wata sosai, amma ta ce ranar babu wadda ta nemi tafinta. Da jirgi ya tsaya Ɗangora aka aika wa gadi, ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa bai shiga ba, ya riƙe jirgin har aka samo ruwan zafi a wajen matar wani ma'aikacin tasha. Kafin a wuce Madobi an goge jaririya an naɗe ta a ɗankwalin Bayarbiyar nan. Wannan jaririya ita ce babbar yayar mahaifina.

Ki duba fa 'yar uwa. Jirgi ya tashi Kaduna da mutane, ya isa Kano da ƙarin rai guda, kuma 'yarsa ce ta cikinsa, amma littafin bai san an yi ba. Nauyin jirgi bai canza ba, don haka babu abin rubutawa. Na san za a ce takardar aiki ce, ba wurin labarin iyali ba, na kuma san kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda ko sunan yaro uba ba ya kamawa. Na yarda da duka biyun. Na kuma ga lanƙwasar da ya yi wa kusurwar shafin, na san ita ce iyakar abin da kunya da dokar ofis suka bar shi ya faɗa, Allah ya ba shi lada. Amma duk da haka, da kakata ta riga mu gidan gaskiya kafin in karanta mata shirmen babin nan nawa, da shi ke nan, Bayarbiya da 'yar Ibo da Bafillatana sun tafi, sai kalma uku a bar mana.

A nan ne sukar ta juyo kaina, da ni da 'yan uwana marubuta. Shi gadi aikinsa ƙirga taragu ne, ya kuma ƙirga tsakani da Allah. Waye aikinsa ya shiga cikin taragon ya faɗi abin da ke ciki? Ai mu ne. To me muka yi? Mun bar gama-gari inda iyayenmu suke, mun tafi faskila inda ba mu taɓa shiga ba. Ki ɗauki littattafanmu goma ki duba. Yarinya tana talla a shafi na biyar, a shafi na hamsin tana cikin jirgin sama za ta Landan sayen kayan lefe. Kowane saurayi ɗan Alhaji ne, kowane gida bene ne, kowace mota sabuwa ce dal. Shi ya rubuta ƙarfe babu mutane, mu kuma mun rubuta mutanen da ƙafarsu ba ta taka ƙasa. Idan aka auna, nasa laifin ya fi sauƙi, domin shi abin da ya faɗa gaskiya ne, ragi kawai ya yi. Mu kuwa ƙari muke yi, kuma Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya.

Ba wai ba a taɓa nuna mana hanya ba. Waɗanda suka yi sakandare da yawa sun karanta The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1960, labarin da aka ɗora shi a kan tafiyar jirgin ƙasa a nan Arewa, ko da yake shi ma labarin maza ne da ramuwar gayya. Sembene Ousmane na ƙasar Senegal, a cikin shekarar nan ta 1960, ya fitar da littafi a kan yajin aikin ma'aikatan jirgin Dakar zuwa Bamako na 1947 zuwa 1948, ya kuma ba matan ma'aikatan babban matsayi a ciki, da yunwarsu da faɗansu da jarumtarsu. Mu ma nan ƙasar an yi babban yajin aiki a 1945 wanda ma'aikatan reluwe suke kan gaba, a ƙarƙashin Michael Imoudu. Da me matansu suka ɗora tukunya a makonnin nan? Wa ya tambaye su? Sannan ga Baba ta Karo, tsohuwa Bahaushiya ta ƙasar Zazzau, wadda wata Baturiya Mary Smith ta zauna da ita a 1949 da 1950 ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954, har yau ana karantawa a jami'o'in duniya. Baƙuwa ta zo daga wata ƙasa ta ga darajar hirar tsohuwarmu, mu kuwa tsofaffin suna ɗaki ɗaya da mu muna ce musu sun cika surutu.

Na san abin da wata za ta ce, domin an sha faɗa mini. Za ta ce, "Haba Anti, mu da muke fama da wanke-wanke da hayaƙin murhu da rigimar yara, idan mun ɗauki littafi so muke mu huta, ba a sake mayar da mu cikin wahala ba." Gaskiyarki, ni ma ina son labarin da zai sa ni murmushi, ban kuma ce a daina soyayya ba. Amma ki gaya mini tsakani da Allah, tsakanin lemon sanyin da na ƙirƙira da lanƙwasar kusurwar shafin nan, wanne ne soyayya? Mutumin da ya tsayar da jirgi guda, ya san sai ya amsa tambaya a ofis, ya tsaya a bakin ƙofa yana jin kukan 'yarsa ta fari bai iya shiga ba bai iya tafiya ba, wane ɗan Alhaji ne a littattafanmu ya kai shi? Illar ƙaryar da muke yi kuwa a gidajenmu take sauka. Yarinya ta tashi da karatun faskila, a kai ta gidan miji ta tarar da gama-gari, sai ta ga kamar an cuce ta, alhali kuwa a gama-garin nan aka haifi kowa da kowa.

Jiragen da kakana ya rubuta sun tafi, masu cin kwal an daina aiki da su tuntuni. Da aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, shi ma da taragon manya da na sauran jama'a ya fara, don haka jerin bai mutu ba, kujerun ne suka sake. Amma matan da suka hau na da saura ƙalilan, kullum kuma raguwa suke. Don haka roƙona gare ki, ko ke marubuciya ce ko ba ke ba ce, idan akwai tsohuwa a gidanku, kaka ko gwaggo ko uwar miji, ki sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ki kai mata goro, ki tambaye ta tafiyarta ta farko. A ina ta hau, wa ya raka ta, me ta ɗaura, me ta ci, wa ta zauna kusa da shi, me ya sa ta kuka. Ki rubuta yadda ta faɗa, kada ki gyara mata. Ki yi koyi da gadi wajen gaskiya, idan tara ne ki ce tara, amma ki shiga inda shi bai shiga ba.

Ni dai na yage babin nan nawa, na sake sabo. Yarinyar tana gama-gari yanzu, da ƙullin kayanta a cinya da ƙunar kwal a mayafi. Na karanta wa kakata, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To kishiya, yanzu kin hau jirgi. Amma kin manta da kajin." Na koma na sa kajin.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya saka wa matan nan uku da alheri a duk inda zuriyarsu take, mu kuma ya ba mu ikon faɗin gaskiya a abin da muke rubutawa. Kuskuren da ke ciki nawa ne, ku yafe ni. Sai mun haɗu a rubutu na gaba idan Allah ya kai mu.

Taku har kullum.